Baba Kefas da Bukkokin Rugar Hure

Kafin masu ƙosai su sauke kaskon farko a bakin tashar Anka, Baba Kefas ya riga ya wuce. Kekensa ake fara ji kafin a gan shi, domin sarƙar ta daɗe tana kuka, shi kuma ya ƙi gyarawa, wai ita ce ƙararrawarsa. Yana tafe yana ɗaga hannu, mai shayi ya amsa, mai faci ya amsa, har ya kai ƙofar wani ƙaramin ofishin safiyo da ke bayan kasuwa. Sai ya jingine keken, ya ɗauki tsumma ya goge gilashin sola, sannan ya shiga ya yaye wa kwamfuta mayafin atamfar da matarsa Regina ta ɗinka mata. Abokan aikinsa sun rantse sun sha jin yana gaishe da kwamfutar, yana tambayar ko ta kwana lafiya. Shi dai bai taɓa musantawa ba.

Wannan dattijo ne zai ajiye aiki a ƙarshen watan nan, kuma shi muka zo yi wa jinjina. Da yawa daga cikin masu karanta wannan ba su taɓa jin sunansa ba, amma wasunsu sun bi ta kan kwalbatin da ya zana, wasu suna zaune a fulotin da ya fitar, wasu kuma sun sha ruwan fanfon da ya nuna inda za a haƙa.

Daga ƙasar Zuru ya zo yana saurayi, da allon zane a kafaɗa da kwalbar tawada a aljihu. Ya zo ne da niyyar yin damina ɗaya. Yanzu Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gari zama ta Anka, 'ya'yansa a nan aka haife su, kuma ran Sallah gidansa ya fi na maƙwabta cika da tuwo, don kowa sai ya aika masa. Da kwamfuta ta shigo aikin zane, tsararrakinsa da dama suka ce su kam sun tsufa. Baba Kefas ya sayi tabarau ya zauna. Da yatsu biyu yake buga madannai har gobe, kamar kaza na tsattsagar tsaba, amma da waɗannan yatsu biyun ya koyi manhajar zanen injiniyoyi, bai tsaya nan ba sai da ya koyi rubuta mata umarni, ta yi da kanta abin da da sai mutum ya wuni yana yi.

Ga yadda aikin yake, don wanda bai sani ba. Taswirar yanki guda tana ɗauke da dubban abubuwa: gidaje, rijiyoyi, hanyoyi, itatuwa, gonaki. Kowanne da sunan da aka laƙa masa. In ana son gidaje kaɗai, ba wanda zai zauna yana tsintar su ɗaya bayan ɗaya. Sai a rubuta wa manhajar abin da Baba Kefas yake kira rariya, wato umarnin da zai tace taswirar ya fitar da abin da ake so. Ya rubuta GIDA, ya bi shi da alamar tauraro. Tauraron nan yana nufin ko me ya biyo baya a karɓa. Nan take duk abin da sunansa ya fara da GIDA zai haskaka a fuskar kwamfuta, gidan Shehu ne ko gidan Mujahid. In yana son gidaje da rijiyoyi tare, sai ya sa waƙafi ya ƙara RIJIYA da nata tauraron. Ba wani tsafi a ciki, ko da yake akwai ɗan acaɓan da ya taɓa leƙowa ya fita yana salati.

Wannan kowane ƙwararre ya iya. Abin da ya bambanta Baba Kefas wata ɗabi'a ce da ta sha ba abokan aikinsa haushi. Akwai wata 'yar alama mai lanƙwasa, shi tsutsa yake ce mata, wadda in aka sa ta a gaban umarni sai ta juya shi: maimakon abin da aka nema, sai manhajar ta nuna duk abin da rariya ta bari. Baba Kefas ba ya taɓa tace taswira bai koma ya duba ragowar ba. Kala yake kiran wannan, irin wadda mata ke yi a gona bayan an kwashe gero. Kuma ba ya yin ta da sauri. Sai ya gyara tabarau, ya matso da kujera, ya bi ragowar da linzamin kwamfuta a hankali, ko da mota na jira a waje direba na ta danna oda.

Mutanen Gummi sun ga amfanin wannan ɗabi'a lokacin da aka yanka sababbin fulotai a bayan gari. An gama komai, sai kalar Baba Kefas ta fito da wasu layuka biyu siraran da ba su da gidan zama a cikin umarnin kowa. Burtali ne, hanyar shanu tun ta kaka da kakanni. Da an buga taswirar a haka, da an gina gidaje a kanta, kuma duk wanda ya san ƙasar nan ya san abin da toshe burtali yake haifarwa. Aka matsar da fulotai, shanu suka ci gaba da wucewa, ba wanda ya san an yi. Kai ne, Baba Kefas, mutumin da aikinsa in ya yi kyau ba a jin labarinsa.

Amma babban abin da ya sa muka ɗauki alƙalami ya faru ne a ƙasar Bukkuyum.

Ba sai an tuna wa kowa shekarar gubar dalma ba, lokacin da aka riƙa niƙa dutsen zinariya a cikin gidaje, ƙananan yara suka riƙa shiɗewa a hannun iyayensu a 'Yargalma da ƙauyukan kewaye. An zo an kwashe ƙasar gidaje, an yi magani, duniya ta juya ta tafi. Amma can cikin daji akwai wani tafki da aka daɗe ana wanke dutsen a bakinsa, kuma a bayan tafkin akwai wata ruga. Tsohuwar da ke riƙe da rugar Inna Hure ce. Ta binne jikoki biyu a waccan shekara. Tana da wata jikar, Habsu, wadda ta isa shiga makaranta amma bakinta bai wuce na ɗan yaye ba. Ruwan tafkin nan shi suke sha, shi suke dafa abinci da shi, domin rijiya mafi kusa tana Tungar Shehu, kuma nisan ya fi ƙarfin mace mai goyo da tulu.

Sai wata ƙungiya ta kawo aikin rijiyoyin burtsatse a yankin, ta ba ofishin su Baba Kefas aikin fitar da wuraren haƙa. Ƙa'idar mai sauƙi ce: kowace rijiya a sa ta inda gidajen da ba su da ruwa mai kyau suka fi taruwa. Munira, safiyon ofishin, uwar 'ya'ya uku wadda ta fi kowa sanin hanyoyin daji, ita ta zagaya ƙauyuka a kan babur tana auno gidaje. Baba Kefas kuma ya rubuta umarnin da zai tace su, ya ƙirga, ya nuna tsakiyarsu. Aiki ya yi ta tafiya lafiya har rijiya ta rage saura ɗaya. Manhajar ta ajiye ta a gabashin Tungar Shehu, nesa da tafki, nesa da ruga.

Ranar da za a buga taswirar ƙarshe, hadari ya riga ya fara leƙowa daga gabas da yamma-yamma. Motar haƙa tana Gummi tana jiran a ce mata ga inda za ta. Injiniya Halliru, shugaban ofishin, yana tsaye a kan Baba Kefas da makullin mota a hannu.

"Baba Kefas, don Allah buga muna mu tahi," in ji shi. "In ruwan hwarko yas sauka, motar ga ba ta ƙetare gulbi sai kaka. Ka san hanyar Nasarawa Burkullu."

"Na sani, ranka shi daɗe. Bari in yi kala."

"Yau ma?"

"Yau ma."

Ya sa tsutsarsa a gaban GIDA ya danna. Gidaje suka ɓace daga fuskar kwamfuta. Aka bar itatuwan kuka, da duwatsu, da suri, da gefen tafki. Ya bi su a hankali kamar yadda ya saba, Injiniya na ta kaɗa makulli. Can a kusurwar yamma, bayan tafkin, sai linzaminsa ya tsaya. Wasu 'yan da'irori ne a cure wuri guda, kamar an zubar da wake. Ya taɓa ɗaya, sunanta ya fito: RUGA da lamba. Ya taɓa ta kusa da ita, haka.

"Munira, zaka ki gani. Waɗanga hwa?"

Munira ta leƙo, sai ta dafe kai.

"Innalillahi! Baba, rugar bayan tabki ta. Ran da nit tahi, mazan duk sun yi kudu da shanu. Na tambayi sunayen masu gida, matan sunka ruhe baki suna dariya, ba wadda tah hwaɗi. Ka san ba su kiran sunan miji. Sai nis sa musu lamba, da niyyar in koma in cike. Sai hanya tal lalace, anka hana mu shiga. Wallahi abin ya hita raina."

Baba Kefas bai ce mata komai na zargi ba, domin ya san rabin laifin nasa ne. Shi ya kafa tsarin tun farko: kowane mazauni a rubuta GIDA sannan sunan maigida. Shi kuma ya rubuta rariyar da ba ta san komai ba sai GIDA. Bukkokin suna nan a taswirar, an auno su daidai, ba abin da ya ɓata. Rariyarsa ce kawai ta wuce ta kansu kamar ba mutane ne a ciki ba. Abin ya taɓa masa zuciya ƙwarai.

Ya sa waƙafi, ya ƙara RUGA da tauraro, ya sake dannawa. Alamar rijiyar ta tashi daga gabashin tunga ta koma yamma, ta zauna a kan wani tudu tsakanin tunga da ruga.

Injiniya Halliru mutum ne mai tausayi, kada wani ya ɗauka ba haka ba. Ya ajiye makullin ya zauna. Amma akwai sharaɗin da ƙungiyar ta kafa, kuma da dalili: ba za ta ƙirga mazauni ba sai yana ɗauke da sunan mai shi, saboda a wani wuri an taɓa cusa mata rumbuna da turken awaki a matsayin gidaje. Lamba ba suna ba ce. In aka aika musu da RUGA da lambobi, za su tsame su, rijiya ta koma inda take.

"Sai dai mu sa musu sunaye daga nan," Munira ta faɗa da ƙaramar murya. "Wa zai sani?"

"Ni zan sani, ɗiyata," in ji Baba Kefas. Ya juya wajen Injiniya. "Ranka shi daɗe, ka riƙe mani motar ga zuwa gobe da la'asar."

"Wa za shi tahi? Mazan ba su dawo ba."

"Ni."

A nan ne Munira ta yi dariya duk da halin da ake ciki. Wannan mutum ya zana kusan kowane lungu na ƙasar Bukkuyum, amma ƙafarsa ba ta taka rabinsu ba. Ko kasuwar Bukkuyum sai Regina ta yi ta mita yake zuwa. Ga ciwon gwiwa, ga hanyar da kowa ke shiga da addu'a a baki. Regina da ta ji, ba ta hana shi ba. Ta dai dube shi ta ce in ya ga abin da bai gane ba ya juyo, sannan ta cusa masa man zafi a aljihu.

Da sassafe suka hau bas zuwa Bukkuyum, daga nan suka ɗauki 'yan kabu-kabu biyu. Baba Kefas ya ƙanƙame ɗan kabu-kabunsa kamar zai karya masa haƙarƙari, har sai da mutumin ya roƙe shi ya bar shi ya yi numfashi. Suna tafe yana gane wurare: ga kukar nan mai rassa biyu, ga dutsen nan da ya zana da jan layi. Bai taɓa sanin dutsen ya kai haka girma ba. Da hantsi suka zagaya tafkin. Ruwan ya ja baya, ya bar laka mai tsagewa, ga sawun shanu, ga sawun ƙananan ƙafafu.

Inna Hure tana zaune a inuwa tana kaɗa nono. Doguwa ce, siririya, idanunta tar. Ta gane Munira, ta sa aka shimfiɗa musu tabarma. Kusa da ita wata yarinya na zaune tana jujjuya ƙwallon goruba, ba ta ɗago ba. Ita ce Habsu.

Baƙo ba ya zama a ruga ba a ba shi ruwa ba. Wata matashiya ta kawo a ƙwarya, ta durƙusa ta miƙa wa Baba Kefas. Ya karɓa da hannu biyu. Ya san daga ina aka ɗebo shi, ya san abin da ke ciki, domin shi ya zana jan da'irar da aka kewaye tafkin da ita. Ga shi ba ya iya sha, ga shi ba ya iya mayarwa. Ya tsaya riƙe da ƙwaryar yana kallon ruwan.

"Aje shi, bawan Allah," in ji Inna Hure. "Kai ma ka san shi ke nan. Mu ma mun sani. To mi za mu sha?"

Ta sa aka kawo masa kindirmo maimakonsa.

Da ya dawo hayyacinsa sai ya yi bayani dalla-dalla: akwai rijiya, saura ɗaya, kuma za ta iya zuwa tudun can in an san masu bukkokin nan.

"Inna, sunan maigida kawai muka so. Ko a kunnen Munira ki raɗa."

Tsohuwar ta ƙyalƙyale da dariya, matan da suka taru a bayanta suka ja mayafi suka rufe fuska.

"Tun ina da kitson 'yan mata nike zaune da mutumen ga, bakina bai taɓa kiran sunanai ba. Sai yau, don ka zo bisa babur?"

"To na ƙanenai hwa? Ko na ɗanki?"

"Ɗan hwari na. Shi ma ba ni hwaɗi." Ta ajiye maburgi ta dube shi sosai. "Kai, tsaya. Mi za ku yi da sunan maza?"

"Injinmu ba shi ƙirga ɗaki sai an hwaɗa mai sunan mai shi."

"Mai shi?" Ta nuna bukkar da ke bayanta da haɓa. "Wa yas saro itacen wagga? Wa yal lanƙwasa su? Wa yay yanko ciyawa yab baibaye? Ni. In munka tashi, ni ka kwance ta, ni ka ɗaure ta bisa sa. Mu nan ɗaki na mace na. Shi nashi shanu, ga su can kudu, bi su ka tambaya."

Baba Kefas ya dubi bukkar. Tsawon rayuwarsa ta aiki yana rubuta GIDA yana bin sa da sunan namiji, bai taɓa tsayawa ya tambayi ko haka abin yake a ko'ina ba. Sai dariya ta kama shi, irin wadda take zuwa da ƙwalla. Ya ce, "Inna, kin gyara mani aiki." Ta ce ai ba ta san ya lalace ba.

Abin da ya biyo baya Munira ba ta gajiya da ba da labarinsa. Kowace mace ta je ta tsaya a ƙofar bukkarta. Munira na bi da na'urar awo, Baba Kefas na ɗingishi a bayanta, kowacce tana faɗin sunanta. Hure. Zulai, matar ɗanta, uwar Habsu. Tabawa. Hafiza. Wata amarya kunya ta hana ta magana, sai da maƙwabciyarta ta faɗa mata. Wata tsohuwa kuma ta faɗi nata da ƙarfi har sau biyu, ta ce a rubuta da kyau, ba a taɓa rubuta shi ba.

Suka iso Anka rana ta karkata, hadari ya haɗu baƙi ƙirin a gabas. Injiniya Halliru ya saurari labarin, ya ɗauko takardar sharaɗin ya sake dubawa. Sunan mai shi aka ce, ba wanda ya ce sai namiji. Ya kira ƙungiyar a waya ya yi musu bayani da bakinsa, suka amince. Baba Kefas ya zauna, da yatsunsa biyu, ya canza sunayen ɗaya bayan ɗaya, kowace bukka ta koma GIDA da sunan matar da ke da ita. Sannan ya goge abin da ya ƙara jiya, ya bar tsohuwar rariyarsa yadda take, GIDA da tauraro, ya danna. Bukkokin suka haskaka tare da gidajen tunga, launi ɗaya, ba bambanci. Alamar rijiya ta hau tudu ta zauna.

Motar haƙa ta ƙetare gulbi washegari. Mutanen gabashin tunga sun ɗan yi gunaguni da farko, don tafiyar ta ƙaru musu, amma suna da tsohuwar rijiyarsu ta masallaci, kuma mai garinsu ya san abin da ke cikin tafki. Ruwan sama na farko ya sami motar a hanyar komawa, har sai da aka tura ta a wani kwari. Da an ƙara jinkiri kaɗan, ko da an buga taswirar farko, da wani labarin muke bayarwa yau.

Wani zai ce ai shi ke nan, aiki ya yi kyau, a je a huta. Baba Kefas bai huta ba. Abin ya tsaya masa a rai: in rariyarsa ta wuce ta kan wannan ruga, guda nawa ta wuce a baya? Ya shafe daminar nan yana buɗe tsofaffin taswirorin Gummi da Anka da Bukkuyum yana yi musu kala, kuma ya samu wasu. Ya samu bukkokin masunta da aka rubuta da sunan RUMFA, ya samu zangon baƙin manoma da ba a ba shi suna ba sam. Duk ya miƙa wa Injiniya don aikin gaba. Sannan ya sake rubuta umarnan ofishin gaba ɗaya. Yanzu duk wanda ya tace taswira a kwamfutar nan, kafin ta yarda ta buga sai ta nuna masa ragowar, ta tambaye shi ko ya duba. Ma'aikatan suna tsaki, suna cewa Baba ya shiga cikin injin ya zauna. Gaskiyarsu, kuma ba shi da niyyar fita.

Kai ne, Baba Kefas, wanda bai yarda abin da bai nema ba ya zama abin da babu ba. A zamanin da ake yi wa duk mai riƙe da sanda kallon tuhuma, kai ka hau babur da gwiwarka mai ciwo ka je ka tambayi sunayensu. Ba addininku ɗaya ba, ba yarenku ɗaya ba, kuma ba wanda zai tuhume ka da ka danna ka buga. Muna faɗa ba kunya: muna ƙaunarka saboda wannan.

A makon jiya ofishin ya shirya masa 'yar walimar sallama a ƙarƙashin darbejiyar ƙofa. An yi jawabai, an ba shi sabuwar riga, Injiniya Halliru ma ya yi magana. Ana cikin haka sai ga wasu mata biyu sun sauko daga motar Bukkuyum, sun tsaya daga nesa. Munira ce ta aika musu, ba ta gaya wa kowa ba. Inna Hure ce da surukarta Zulai. Tsohuwar ba ta taɓa zuwa Anka ba.

Baba Kefas ya tashi ya tarye su. Bayan gaisuwa, abin da ya fara tambaya shi ne Habsu.

"Tana nan," in ji Inna Hure. "Bakin bai buɗe ba sosai. Likita ya ce abin da yash shiga ya shiga. Amma ta bar shiɗewa, kuma ita ka buga muna hwanho. Ba ta bari kowa shi taɓa."

Baba Kefas ya sunkuyar da kai. Ya so a ce ya yi kalar nan tun shekarun baya, ya kuma faɗi haka. Tsohuwar ta girgiza kai, ta yi wa Zulai magana da Fulatanci. Zulai ta juya, ta kwance zane, ta sauko da wani jariri mai ƙiba, yana barci, hannunsa a dunƙule. Inna Hure ta karɓe shi ta ɗora a hannuwan Baba Kefas.

"Riƙe shi da kyau," ta ce. "Abdussamad sunanai. Wanga, tun yana ciki har yau, bai taɓa shan ruwan tabki ba."

Mun gode, Baba Kefas. Allah ya ba ka hutu mai daɗi, ya sassauta maka gwiwa, ya bar ka da Regina. Ku kuma da kuke zaune gaban kwamfutoci a ofisoshin ƙasar nan, masu tace sunayen marasa lafiya da na ɗalibai da na manoma, ku yi koyi da shi: in kun gama fitar da waɗanda kuka nema, ku waiwaya ku ga su wa suka rage.

Ranar dai ba a ƙarasa jawaban ba. Baba Kefas ya koma kujerarsa da yaron a hannu, shinkafarsa ta huce a faranti, kuma duk wanda ya zo karɓar jaririn sai ya ce a ɗan ƙara masa lokaci.